Askin da Na Yi wa Sukkar

Sai da na kwana biyu a Alƙahira kafin na san aikin da ya kawo ni.

Ni mai kitso ce. Tun ina budurwa nake zaman kitso a tsakar gidanmu a Funtuwa, kuma bayan rasuwar mijina da kibiya da mataji na riƙe yarana biyu. Yaya Ladidi, 'yar Gwaggona, ita ta dinga kirana a waya tana cewa matan Sudan da na Najeriya da ke Masar ido rufe suke neman mai kitso, akwai shago, kujerata na jirana. Shekararta shida a can. Miji ne ya kai ta lokacin yana karatu, aure ya mutu, shi ya dawo gida ita ta zauna. Na bar yara wurin Inna na taho a ƙarshen shekarar 2012, jakata cike da zare da man kitso da kibiyoyi huɗu.

A rana ta uku ta ce, "Yalla, shirya mu je ki ga wurin aikinki."

Muka shiga jirgin metro, taragon mata, muka sauka Ma'adi. Unguwa ce mai bishiyoyi, shiru kamar ba a Alƙahira ba. Ina ta duba gefen titi ko zan ga shago mai hoton kan mace a ƙofa, sai na ga mun shiga wani bene mun hau hawa na uku. Tana danna ƙararrawa aka yi wani haushi daga ciki wanda ya sa na koma bayanta na riƙe mata mayafi. Da aka buɗe, wani abu fari tas ya fito, tsayinsa ya kai cinyata, gashi ya rufe shi ko'ina, ba ka ganin komai sai baƙin hanci da idanu. Na ɗauka rago ne sai da ya sake haushi.

"Yaya, ina shagon?"

"Shago ya samu matsala, Sakina. Ma'alish, ki yi haƙuri. Nan nake aiki. Na samu wasu mutane masu tafiya Kuwait da ni, wata shida kawai. Ki riƙe min wurin nan kafin in dawo, sai mu nemi shagon tare."

"Kare fa, Yaya?"

"Ba ya cizo. Ki saki fuska, ga Madam nan."

Madam Nadiya tsohuwa ce 'yar Masar, ta kai shekara saba'in, ita kaɗai a gidan. Ciwon gaɓoɓi ya nannaɗe mata yatsu, ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Karen, sunansa Sukkar, na ɗanta ne tilo, wanda ya taho da shi daga wata ƙasa mai ƙanƙara, sannan ya rasu a haɗarin mota. Yaya Ladidi ce ta gaya min wannan muna tsaye a kicin. Ta ce, "In kin ƙona mata abinci za ta yafe. In wani abu ya taɓa karen nan, ki haɗa kayanki tun kafin ta buɗe baki."

Kwana huɗu bayan nan ta tafi. Ba ni da kuɗin komawa gida, ba ni da Larabci sai na salla, ban san kowa ba. Na zauna.

Watan farko ban ji daɗin komai ba. Ga sanyi mai shiga ƙashi, ga wake da burodi kullum safe, ga kare. In ya goge ni da jikinsa sai in ruga banɗaki in yi ta wanke wurin har fatata ta yi jawur. In na kira gida sai in ce wa Inna shago na tafiya daidai, in ji muryar ƙaramata tana tambaya yaushe zan dawo, in kashe waya in shiga tsakanin firji da bango in yi kukana. Mai gadin benen, Ammu Rajab, wani dattijo mai jallabiya ruwan toka, shi ne ya fara yi min alheri. Duk lokacin da na sauko da Sukkar ina riƙe da igiya nesa da jikina kamar na riƙe maciji, sai ya yi dariya, ya miƙo min shayi a ƙaramin kofin gilashi. Yana nuna min abubuwa yana faɗin sunansu: ƙofa, ruwa, zafi, sanyi. Makarantata ta farko kenan.

Ranar Juma'a nake hutu. Wata Juma'a na bi kwatancen da Yaya Ladidi ta bar min zuwa Darrasa, inda ɗalibai 'yan gida suke, don in ji Hausa ko da a bakin titi ne. A gaban wani kantin littattafai na ji wata mata tana yi wa ɗiyarta faɗa, "Za ki taho ko sai na mare ki?" Wallahi faɗan nan ya fi min waƙa daɗi. Maman Hafsa sunanta, 'yar Gusau, mijinta yana karatun fiƙihu. Ta ja ni gidansu, ɗaki biyu a hawa na biyar, ta tuƙa tuwon shinkafa. Sai da na ci na ƙoshi sannan na iya faɗa mata aikina, kaina a ƙasa. Ta leƙa ta tambayi mijinta, ya amsa daga bayan labule. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, in wanke kwanon da ya sa baki, in ware tufar salla daban don zuciyata ta natsu, in kuma nemi wani aikin in Allah ya kawo. Na koma Ma'adi ranar kamar an sauke min dutse daga ka.

Da sanyi ya fara ja baya, wajen watan Maris, gashin Sukkar ya fara zuba. Ban taɓa ganin irinsa ba. In na share falo, kafin in mayar da tsintsiya ya sake taruwa a ƙarƙashin kujeru. Yana cikin shayi, yana cikin miya, yana yawo a iska in rana ta hasko ta taga. Jikin Sukkar kuwa ya yi tsumma-tsumma, gashi na leƙowa dunƙule-dunƙule kamar katifar da ta fashe. Na tsorata, na ɗauka ciwo ne. Madam ta girgiza kai, ta kai ni baranda, ta sa na shimfiɗa tsohon zanen gado, ta kira shi ya kwanta. Da yatsunta masu ciwo ta buɗa gashin bayansa ta nuna min. Ashe iri biyu ne: na sama dogo mai ɗan kauri, na ƙasa mai laushi kamar auduga, kuma wannan na ƙasan ne ke barin jiki in zafi ya doso. Ta ɗauko mataji na ƙarfe da wani burushi mai siraran haƙora, ta yi ƙoƙarin jan gashin, matajin ya suɓuce mata. Sau uku yana faɗuwa. Ta zauna tana kallon hannuwanta.

Na ɗauki matajin. Jan farko na gane ta saman kawai nake bi, can ƙasa gashin ya dunƙule. Sai na ce a raina, ai wannan tsifa ce. Na shiga ɗaki na ɗauko kibiyata. Na tsaga gashin daga cinyar baya har sai da na ga fata, kamar zan fara shuku, na danne na sama da tafin hagu, na taje abin da ke ƙasan tsagar, na matsa sama kaɗan na sake tsagawa. Layi bayan layi. Inda ya cukurkuɗe, bayan kunne da hammata da ƙarƙashin wutsiya, sai in riƙe gindin gashin don kada fata ta ji ja, in warware da yatsa daga baki, kamar yadda nake yi wa yarinya mai tsoron kitso. Sukkar ya ɗago kai ya dube ni sau ɗaya, ya yi ajiyar zuciya, ya miƙe ƙafafu. Kafin la'asar mun cika leda uku, kuma kare yana nan da gashinsa kamar ba a cire komai ba, sai dai yanzu in iska ta buso kana ganin tana ratsa shi.

Sati shida muna wannan, kusan kullum bayan sallar walha. Na koyi cewa ba a jiƙa shi sai an gama warwarewa, in ba haka ba ƙullin ya ƙara tamkewa. In an yi masa wanka kuma sai an busar da shi har fata, don damshi in ya ɓoye a ciki ƙuraje yake kawowa. Madam na zaune a kujerarta tana kallo, wani lokaci tana yi min hira mai tsawo ina gyaɗa kai, ina tsintar kalma ɗaya a cikin goma. Wata rana ta kama hannuna, ta nuna zoben zinaren da ke yatsanta, ta nuna tafina. Na gane, cewa take hannuna zinare ne. Ban san lokacin da na fara yi wa kare magana da Hausa ba: "Juya, malam. Ɗaga ƙafa." Kuma yana juyawa.

Cikin wannan jin daɗi Yaya Ladidi ta kira daga Kuwait. Na ba ta labari da ɗoki. Madam ta karɓi wayar ta daɗe tana magana, ina jin sunana yana fitowa. Da ta mayar min, sai na ji shiru a layin.

"Yaya, kina ji?"

"Ina ji. Ashe kin zama 'yar gida."

A watan Mayu ta dawo, aikin can bai yi ba, ta ce matar gidan ba ta da mutunci. Ta zo Ma'adi suka shiga falo da Madam, ni ina kicin. Da ta fito ta ce Madam ta ce ni za ta riƙe. Kunya ta kama ni. Na ce, "Wurinki ne, Yaya, amana kika ba ni. Ki faɗa mata ni na haƙura."

Ta yi dariya, ta dafa kafaɗata. "Haba ƙanwata. Khalas, magana ta ƙare, ki zauna. Ni da na san garin nan ciki da bai zan rasa aiki? In kin samu ai na samu."

Na yarda da ita har cikin zuciyata. Ta kama ɗaki wurin wasu mata, tana leƙo ni duk bayan kwana biyu, in zuba mata abinci.

Zafin shekarar nan ya yi tsanani, ga ɗauke wuta safe da rana, ga layin mai a ko'ina, gari duk a tsaye. Cikin watan Yuni ƙanwar Madam ta kwanta asibiti a Iskandariyya, ta tafi za ta yi kwana goma, ta bar ni da gida da kare. In an ɗauke wuta na'urar sanyi ta tsaya, Sukkar sai ya baje a tayil ɗin banɗaki, harshe waje, haƙarƙari na sama da ƙasa. Ina yi masa fifita da kwali. A rana ta uku Yaya Ladidi ta zo ta same mu haka.

"Innalillahi! Ba ki aske shi ba har yanzu?"

"Aski kuma?"

"Duk shekara in zafi ya shigo sai an aske shi tas. Ni nake yi. Ke ki sa bargo a wannan zafin ki ji. Sakina, in karen nan ya mutu a hannunki, ba kora ba, ofishin 'yan sanda za ki kwana."

"Madam ba ta ce min ba."

"Da wane yare za ta ce miki? Kawo waya."

Ta kira ta a gabana. Na ji muryar Madam sarai. Yaya Ladidi na magana da sauri, na tsinci sunan Sukkar, na tsinci kalmar zafi, na ji ta ce tamam, tamam, wato to, to. Ta kashe ta dube ni. "Kin ji. Ta ce a yi yau, ta manta ne saboda hankalinta na kan mara lafiya."

Ta sauka ƙasa, ba a daɗe ba ta dawo da injin aski a leda, irin na masu shago. Da aka kawo wuta da azahar na shimfiɗa zanen a baranda. Ban ma kira shi ba, yana ganin zanen ya taho ya kwanta da kansa, ya miƙe ƙafafu yadda ya saba. Ƙarar injin ta sa ya zabura, na shafa wuyansa na ce, "Kwanta, malam, ni ce." Ya kwanta. Na ɗora injin a tsakiyar bayansa na tura. Gashin da na yi sati shida ina bi layi-layi ya zube gefe guda kamar an yaye bargo, fata ta fito, ja-ja, siririya, kamar ta jariri. Na ɗaga injin. Na ce, "Yaya, anya kuwa?" Ta ce daga bakin ƙofa, "Ci gaba, haka yake." Kafin in kai wuya ta ce tana da alƙawari a kasuwar Ataba, ta tafi, ta ce in ajiye injin za ta dawo ta ɗauka.

Da na gama, abin da ya miƙe daga kan zanen ban san shi ba. Ɗan siriri, kai babba, wutsiya kamar igiya. Ya shige bayan kujera, ranar bai ci abinci ba.

Washegari da na sauko da shi, Ammu Rajab ya ajiye kofinsa ya dafe kai da hannu biyu. "Ya Sattar!" Ya yi ta magana yana nuna rana, yana nuna bayan karen. A nan na fara gane na yi ɓarna. Ashe gashin nan da nake gani kamar bargo shi ne inuwarsa. Cikin kwana biyu bayansa ya ƙone, ya yi jawur, ya fara saɓa. Sauro da ƙuda suka samu hanya. Yana susa, yana cizon kansa, har wurare biyu suka zama gyambo. Haki kuwa bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Na kira Yaya Ladidi ya fi sau ashirin, waya a kashe.

Ranar da Madam ta dawo ni na buɗe mata ƙofa. Ta kira sunansa. Ya leƙo daga bayan kujera, ya tako a hankali. Jakarta ta faɗi. Ba ta yi ihu ba. Ta sulale ta zauna a ƙasa, tsohuwar da sai an riƙe ta take zama a kujera, ta ɗora hannu a bayansa inda babu ciwo, tana kiran wani suna da ba nasa ba. Sunan ɗanta ne. Na tsaya jikin bango, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Madam ce ta kira Yaya Ladidi, kuma wayar ta shiga a bugu ɗaya. Cikin awa guda ta iso. Tana ganin karen ta dafe ƙirji ta yi salati kamar yau ta fara ganinsa. Na ce, "Yaya, ki faɗa mata. Ki tuna mata wayar da kuka yi."

Ta ce min da Hausa, a tausashe, "Yi shiru, ƙanwata, bari in ba ta haƙuri a madadinki."

Ta juya ga Madam ta ce, "Wallahi ya Madam, ana ultilha la'."

Larabcina a lokacin bai kai ya sayo min magani a kanti ba, amma waɗannan kalmomi na san su, kullum ina jin su a bakin Ammu Rajab in yana faɗa da masu ajiye mota. Ma'anarsu, "Na ce mata a'a." Abin da ta faɗa kenan. Ta maimaita har sau biyu, tana nuna ni, tana nuna injin da ke kan tebur.

Na matso ina haɗa 'yan kalmomin da nake da su: ita, waya, inji, ita. Ina nuna ta, ina nuna wayar, hawaye na shiga min baki. Na san yadda na zama a idon Madam: mahaukaciya mai neman wanda za ta laƙa wa laifi. Ta ɗaga hannu ba tare da ta dube ni ba. "Khalas. Barra." Fita.

Yaya Ladidi ta biyo ni ɗaki tana taya ni ninke kaya. Ta ce, "Da ƙyar na hana ta kiran 'yan sanda." Na dube ta, ta ci gaba da ninke zanena, ta daidaita bakinsa da kyau. Na rufe jakata na fita. Ammu Rajab ne ya ɗaukar min jaka har bakin tasha, ya saya min tikiti, ya ce wani abu mai tsawo da ban gane ba, ya nuna sama da yatsa.

Darrasa na nufa. Maman Hafsa ba ta tambaye ni komai ba sai da ta ba ni ruwa na yi wanka. Wata uku ina kwana a ɗakin yaranta. Ita ta fara kawo min kanta, sannan ta kawo maƙwabta, matan ɗalibai, daga nan aka kai sunana wurin matan Sudan masu jin Hausa. Na koma bin gidaje da kibiyata, ina sayo zare da mai a Ataba. Kitson da aka yi min alƙawari na same shi, ba shago, ba kujera. Kuma na sa kaina koyon Larabci kamar mai ramuwa. Duk wadda ta ɗora kai a cinyata sai na ce ta yi min magana da shi, in na yi kuskure ta gyara.

Abin da ya fi ƙona min rai daga gida ya zo. Inna ta kira ta ce Gwaggo ta shigo da labari: wai na yi rawar kai na ɓata aikin da aka sama min, Ladidi ta durƙusa ta roƙa kafin aka bar ni. "Ki kira yayarki ki yi mata godiya, Sakina. Kada ki zama butulu a ƙasar mutane." Na buɗe baki zan yi bayani, sai na tuna ni da kaina na ce mata shago nake. Ta ina zan fara? Na ce to, Inna.

A watan Afrilun 2014 ina tsakar yi wa wata kalaba aka ce ana sallama da ni. Yaya Ladidi ce a bakin bene, ta rame kaɗan. Ba ta yi dogon gaisuwa ba.

"Karen nan ne. Gashin ya fito amma ya dunƙule, mataji ba ya shiga. In na taɓa shi sai ya yi min gurnani. Masu shagon karnuka sun ce sai dai a sake askewa. Madam ta ce in ban gyara shi ba cikin satin nan in nemi wani wurin. Gobe tana asibiti tun safe. Ki zo ki taimake ni."

Na tsaya ina jiran sauran maganar. Babu saura. Na ce, "Shi kenan abin da za ki ce min, Yaya?"

"Me kike so in ce? Abin da ya wuce ya wuce."

Maman Hafsa ta ce in na je ban da zuciya. Wataƙila haka ne. Amma ni na san yadda ƙulli yake jan fata, kuma na san hannun da ya jawo masa.

A ɗan lambun bayan benen ta fito min da shi. Tun daga nesa ya fizge igiya daga hannunta ya taho yana wani kuka-kuka, ya tura kai tsakanin gwiwoyina. Na shafa bayansa, na ji kamar tabarma. Gashin ƙasa ya riga na sama fitowa, ya haɗe ya zama faifai-faifai, launinsa ya koma kamar tsohuwar auduga, a kafaɗa kuma akwai wurare biyu da ba abin da ya tsiro. Na zauna a ƙasa na fara. Awa huɗu. Inda yatsa ya kasa, in tsaga ƙullin a tsaye da bakin almakashi, in warware sauran. A ƙarƙashin wani na tarar da fata ta jiƙe tana wari. Yaya Ladidi na tsaye tana duba agogo.

Ban ji tahowar Madam ba, sandarta na fara gani a gefena. Likita bai zo ba, ta dawo da wuri. Yaya Ladidi ta ce da sauri da Hausa, "Ki rufa min asiri, don darajar Gwaggo."

Na miƙe, na gaishe da Madam da Larabci, na tambayi jikinta da na ƙanwarta. Ta ɗaga gira. Sannan na faɗa mata komai, a tsanake, kalma bayan kalma, yadda na yi wata goma ina shirya shi a raina: zafin, wayar, abin da aka ce min ta ce, wanda ya kawo inji, da abin da na ji da kunnena a falonta. Yaya Ladidi ta kafe ido a ƙasa.

Madam ta saurara har na gama. Ta ce, "Na sani."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Rajab ya faɗa min tun satin da kika tafi. Shi ya nuna mata shagon da ta aro injin. A waya kuma cewa na yi a jiƙa tawul a shimfiɗa masa."

"Kin sani, Madam? To me ya sa ba ki neme ni ba?"

Ta dubi karen, ta dubi gashin da ke tare a kan ciyawa. "A ina zan neme ki? Ni tsohuwa ce, ina bukatar wadda za ta kira min likita in na faɗi. Ita tana jin maganata. Kuma ko me aka ce miki, hannunki ne ya yi." Ta ɗan taɓa kafaɗata da yatsun nan nata. "Ma'alish, ya binti." Wato ki yi haƙuri, 'yata.

Ta juya ta ce wa Yaya Ladidi ta hau da shi sama in an gama, ta ɗora ruwan shayi. Yaya Ladidi ta ce, "Hadir, ya Madam," wato an gama, ta bi bayanta riƙe da jakarta.

Saura ƙafa ɗaya ta baya. Na koma na zauna na gama ta, don ba a barin kai rabi. Na ɗaure igiyar a jikin bishiya, na wanke kibiyata a famfon lambu. Yana ta kuka a bayana har na fita titi, ban juya ba.

A cikin metro na samu wuri a taragon mata, na zauna ina kallon ƙafafuna. Idona a bushe. Wata mata 'yar Masar mai jakar kayan miya tana kusa da ni. Bayan tasha ɗaya sai na ji ana taɓa min hannun riga. Farin gashi ne ya manne a baƙar abayata, tun daga kafaɗa har gwiwa, ita kuma tana cire min shi ɗaya bayan ɗaya, tana tarawa a tafinta. Ba ta tambaye ni na mene ne ba, ba ta ma dubi fuskata ba. Ta gama hannu ta koma kafaɗa. A nan kukan ya zo min, ya zo da ƙarfi har mata suka juyo. Ita dai ba ta fasa ba, tana ta tsinta, har muka wuce tashar da zan sauka.